Lallen da Ya Hana Ni Aji

Shekaranjiya da safe jikata ta fito za ta tafi makarantar da take koyarwa, ta tsaya a bakin ƙofar ɗakina tana gyara abaya, ta miƙo mini hannu in yi mata addu'a kamar yadda muka saba. Da na kama hannun sai na ga lalle, irin na zamani mai zanen furanni, ya taso daga yatsu ya haura har wuyan hannu. Sunana aka sa mata, don haka Takwara nake ce mata, ita kuma ta kira ni Sitti, yadda yaran Makka ke kiran kakanninsu. Na ce, "Takwara, da wannan hannun za ki shiga aji?" Ta juya hannun tana dubawa, ta ce, "Me ya same shi, ya Sitti? Bai kama ba?" Na ce ya kama, kamun ne ma ya dame ni, shugabar makarantarku ba za ta yi magana ba? Ta ƙyalƙyale da dariya. "Mudira? Wallahi nata ya fi nawa, tare muka je wurin bikin. Yalla, yi mini addu'a, tsohuwa, motar 'yan makaranta ba ta jira." Na yi mata, ta sumbaci goshina ta sauka a guje. Ni kuwa na daɗe zaune ina kallon nawa hannun, wanda fatarsa ta yamutse kamar busasshiyar kuɓewa.

Muna zaune a Aziziyya yanzu, a hawa na uku. Gidanmu na dā, wanda ke kan dutse kusa da Harami, an rushe shi tare da dukan layin, kuma in na bi ta wajen ba na iya nuna inda ƙofarmu take. Ban yi kuka ba ranar da muka kwashe kaya. Wanda ya yi zama a garuruwa da yawa yakan saba da barin ɗaki. Amma abin mamaki, hannun yarinyar nan ya motsa mini abin da rusau bai motsa ba. Ya mayar da ni wani ƙaramin gari can ƙasarmu, inda na fara riƙe alli ina budurwa, lokacin da mace mai koyarwa a makarantar boko abin kallo ce, kamar a ga raƙumi a cikin masallaci.

Makarantar 'yan mata ce, ɗakuna uku na jar ƙasa da rufin kwano, sai gidan malamai a bayanta, da ɗakin girki. Ƙararrawarmu guntun ƙarfen hanyar jirgi ne da aka rataye a jikin darbejiya, kuma har yau in mai sayar da gas ya buga tukunyarsa a kan titi, gabana yakan faɗi in ji kamar na makara. Da asuba za ka ji karan tsintsiya a tsakar makaranta, da tarin yara, da lugudan mata daga cikin gari. Mu malamai uku ne. Shugabarmu kowa Malama Babba yake ce mata, har sarkin garin. Doguwa ce, baƙa, ba ta da jiki, ba ta ɗaga murya. Ban taɓa ganin haƙoranta ba sai in tana koya wa yara furta harafi.

Dokokinta a rubuce suke a bayan ƙofar ofis, amma ba mai buƙatar karantawa, don a jikinmu suke. Malama ba ta zuwa kasuwa, sai ta aika. Ba ta cin abinci inda ɗaliba za ta gan ta, ko da gyaɗa ce. Ba ta tsayawa da namiji a hanya, ko wanta ne uwa ɗaya uba ɗaya, sai ya zo ofis ya zauna a gaban Malama Babba su gaisa. Ba ta hawa keke, ba ta leƙa wurin kiɗa, kuma kiran magariba a cikin gidan malamai zai same ta. Ranar da ta yi aure ta ajiye alli. Tufafinmu farar riga da shuɗin zane da farin kallabi. Ba goro, ba furen taba a haƙora, ba tozali, ba turare, ba lalle. Kowace Litinin yara su yi layi su miƙa hannuwa a duba farce, in an gama da su, mu ma mu shiga ofis mu miƙa namu. Malama Babba takan ce, "Malama farin zane ce, ɗigo ɗaya ya ishe ta." Wata rana da abokiyar aikina ta yi gunaguni, sai ta ƙara da cewa, "Namiji in ya yi kuskure a ce wane ya yi kuskure. Ke in kin yi, a ce ga abin da boko ke mayar da mata, a rufe makarantar. Ba ke kaɗai kike cikin rigar nan ba."

Na zaga bayan haka, na ga yadda wasu ke yi. A Damagaram na ga malama a kan ɗan babur, siket iya gwiwa, yara na bin ta suna "Madam, Madam," ba wanda ya ce ta yi laifi. A Sudan, inda muka yi shekaru ni da maigidana, Allah ya jiƙansa, malamai mata farin mayafi suke yafawa kamar namu kallabin, amma matar aure a cikinsu in ta zo ba lalle, sai a tambaye ta ko lafiya a gida. A nan Makka na tarar da makarantun 'yan mata a bayan doguwar katanga, da tsoho mai gadi yana kiran sunan uban kowace yarinya da lasifika in an tashi, yara suna ce wa malamarsu Abla. Kowace ƙasa da inda take ɗaure macen da ta yi karatu, wata a ƙafa, wata a baki, wata a fuska. Mu a hannu aka ɗaure mu. Na koyi Turanci da Larabci da ɗan Faransanci na ciniki, amma ban sami harshen da babu kalmar "kada" ga malama ba.

Duk da wannan tsantseni, yara ba sa zuwa. Ɗakunanmu rabi-rabi suke. Malama Babba takan ɗauki lema ta bi gida-gida tana roƙo, a shimfiɗa mata tabarma, a kawo mata fura, a ce Allah ya kai mu baɗi. Waɗanda muke da su yawanci 'ya'yan ma'aikata ne da waɗanda aka tilasta wa iyayensu. Mu a zatonmu tsoron lalacewa ne ke hana iyaye, saboda haka duk lokacin da aka ƙi ba mu yara sai Malama Babba ta ƙara tsananta doka.

A hutun da ya biyo bayan shekarata ta farko na tafi gida, na tarar Gwaggo tana shirin tafiya Makka. Ƙanwar mahaifina ce, ita ta goye ni tun rasuwar mahaifiyata, ita ce kuma ta tsaya aka bar ni na yi karatu lokacin da dangi suka taso. A wancan zamani tafiya Makka ba ta jirgin sama ba ce ga talaka. Ta ƙasa ake bi, a hau babbar mota inda akwai, a taka inda babu, a tsaya wani gari a yi sana'a a ƙara guzuri. Wanda zai tafi yakan yi sallama irin ta wanda ba ya sa ran dawowa. Ana gobe ayarinsu zai tashi, mata suka cika gida tun da hantsi, aka daka lalle aka kwaɓa, kowa na ƙunshi. Ni na koma gefe ina tsinke zogale, na ɓoye hannuwana a cikin ƙwarya.

Gwaggo ta hango ni. Ta ce, "Ke 'yar boko, taso nan." Na ce, "Gwaggo, an hana mu." Ta ce, "Wa ya hana?" Na ce doka ce ta makaranta, kuma saura kwana biyar a koma. Ta kama hannuna ta juya shi ciki da baya, ta nuna wa mata. "Ku duba mini. Ba tozali, ba lalle, ba ƙamshi. Mijin wa ya mutu? Ni na goya ki, zan kama hanyar da ban san ƙarshenta ba, in waiwayo in ga kin ɗaga mini farin hannu kamar mai takaba? Ba da ni ba." Mata suka yi dariya, wata ta ce boko ne mijin, kuma da ransa. Na buɗe baki zan sake magana, sai na ga idon Gwaggo ya kawo ruwa. Wannan mata ban taɓa ganin hawayenta ba, ko ranar da aka fitar da mahaifina. Na miƙa hannu.

Da kanta ta yi mini. Ba zanen furanni ba ne irin na Takwara. Ta dumbuza lallen ta lulluɓe tafin hannu da yatsu har farce, ta naɗe da ganye, ta zura mini hannu cikin zunguru, dogon ƙoƙon nan da ake sa hannu a ciki don lalle ya kama. Ɗayan hannun ta ɗaure da tsumma. Na zauna tun azahar har rana ta yi sanyi, tana ba ni fura a baki da ludayi kamar jaririya, tana yi mini faɗan duniya. Da aka kwance aka wanke, hannun ya yi ja har yana neman baƙi. Washegari da shi na ɗaga mata, tana bayan mota a kan buhuna, har suka sha kwana.

Sai da ƙurar motar ta kwanta sannan tsoro ya kama ni. Na san hukuncin, takardar sallama ce. Kuma ni ba aikin kawai nake tsoron rasawa ba. In aka koro ni, duk waɗanda suka ce wa Gwaggo karatun mace ɓata lokaci ne sun yi gaskiya ke nan, ga shi ba ta nan balle ta tare mini. Na shiga wanki. Na goga toka, na goga sabulun salo, na dirje da dutsen kaushi har fata ta yi zafi. Da na ga bai yi ba, na tuna a makarantar horon malamai an koya mana cewa lemon tsami yana cire tabo a tufafi. Na sayo lemo cike da ƙwarya, na matse, na tsoma hannu safe da yamma, kwana uku. Duk macen da ta tashi a tsakar gida ta san abin da lemon tsami ke yi wa lalle. Ni da na tashi a makarantar kwana ban sani ba. Hannun ya ƙara rinewa, ya yi kyau irin wanda amare ke nema.

A cikin motar komawa na yi tunanin in naɗe hannuwan da bandeji in ce ruwan zafi ne. Har na sayi bandejin. Ranar Litinin, da aka gama duba yara muka shiga ofis, yana cikin aljihuna, amma na kasa. Abokiyar aikina ta miƙa nata aka duba. Ni na tsaya hannu a baya. Malama Babba ta ce, "Malama." Ko tana fushi ba ta kiran ɗayanmu da suna. Na fito da su. Ofishin ya yi tsit, har ina jin yara suna maimaita haruffa a ɗaki na ɗaya. Ta daɗe tana kallo. Ta kama ɗan yatsana ta kai kusa da hanci, ta ce, "Wa ya ce ki sa lemon tsami?" Na ce don ya fita ne. Ta ce, "Don ya fita." Ta saki hannun. Na ba ta labarin Gwaggo tun daga farko, ban rage ba ban ƙara ba, har bandejin na fitar na ajiye a kan tebur.

Ta dubi bandejin, ta dube ni. Ta ce, "Da kin shigo da wannan a hannu, da yau za ki kwana a gidanku. Takarda kuma ba zan rubuta ba tukuna. Amma ba za ki taka ajina da wannan hannun ba, sai na ga farcen da Allah ya halicce ki da shi, duka goma." Na ce, "Malama Babba, na fata zai fita cikin wata guda, amma na farce sai ya tsiro ya fice." Ta ce, "Na sani." Na ce to yarana fa? Ta ce, "Ni zan haɗa su da nawa. Ke kuma mai girki tana buƙatar mai tsince hatsi. Ki ɗauki tabarma da faifai ki tafi gindin tsamiya, inda yara ba za su riƙa kallonki ba."

Tsamiyar tana wajen shingen makaranta, a bakin hanyar da ke zuwa babbar rijiya. Nan na koma. Kullum in an buga ƙararrawa abokan aikina su shiga aji, ni in shimfiɗa tabarma in zuba gero a faifai. Daga inda nake ina jiyo muryar Malama Babba tana fama da aji biyu a ɗaki ɗaya, tun safe har azahar, muryar tana dushewa a hankali. Wannan ya fi mini bulala ciwo. Kwanakin farko in na ga mata sun taho da tuluna sai in sunkuyar da kai, in tura hannu cikin gero.

Wata tsohuwa mai sayar da daddawa ce ta fara tsayawa. Ta sauke tulunta ta ce, "Sannu da aiki, Malama. Yau kuma boko a faifai ake yin sa?" Na ce, "Sannu, Iya." Ta tsuguna, ta zaro hannuna daga cikin geron ba ko neman izini, ta buɗe shi. Ta yi salati. Ta ƙwala wa na bayanta kira, "Ku zo ku gani! Ashe suna da dangi!" Kafin in ankara mata sun kewaye ni, wannan ta ja yatsa, waccan ta tambayi wa ya yi mini, ina aka samo ganyen, me aka sa ya kama haka. Da na ce lemon tsami na sa don ya fita, wata ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Tsohuwar ta ce, "Yo mu me muka sani? Muna ganinku fari fat, ba kwalli ba lalle, ba ku zuwa suna ba ku zuwa biki, ba a ganin kuna cin abinci. Muka ce wannan karatu takaba yake sa mace tun ba ta yi aure ba. Wa zai kai 'yarsa?"

Shekara guda muna ƙara wanke kanmu don su yarda da mu, ashe wankin ne ke korar su.

Daga ranar gindin tsamiya ya zama zango. Mata su sauke tulu su huta, su taya ni tsince gero, a yi hira. 'Yan matan da ke rako su su tsaya suna kallon hannuna. Wata rana wata ƙarama ta tambaye ni ko gaskiya ne ina iya rubuta sunan mutum. Na share ƙasa da tafin hannu na rubuta nata da jan yatsana. Ta tsuguna ta bi shi da nata yatsan. Washegari ta zo da 'yar'uwarta. Ba allo, ba alli, ba rajista, ba wanda ya ce karatu ake yi. Suna zuwa rijiya ne, suna ɗan tsayawa. Kafin lallen fata ya gama kodewa ina da yara tara masu rubuta sunansu a ƙasa. Malama Babba tana gani ta tagar ofis. Ba ta ce ci gaba ba, ba ta ce bari ba. Kowace Litinin dai in shiga in miƙa hannu, ta dubi yadda farin farce ke tasowa daga tushe yana tura jan zuwa gaba, ta ce, "Da saura."

Ana cikin haka mai duba makarantu ya zo daga lardi. Tun daga nesa muke jin motarsa, don ita kaɗai ce ƙaramar mota da ke shigowa garin. A bakin tsamiya ya tsaya, ya fito da jakarsa, ya ga malama cikin farar riga zaune a ƙasa da yara, rabin farcenta ja. Ya wuce ofis, aka aiko in zo. Na tarar yana cewa, "Malama Babba, ke da kanki kika nemi a sa wannan doka. Abin da ta ce a fili yake. Me ya hana ki rubuto?" Ta ce, "Ranka ya daɗe, ta karya doka, kuma tana cikin hukunci. Ban ɓoye ta ba, a bakin hanya na ajiye ta." Ya ce hukuncin da ke rubuce sallama ce. Ta ce, "Haka ne. In ka sallame ta ba zan yi musu ba. Sai dai ka leƙa ta taga." Ya leƙa. Yaran suna nan tsugune, ba wadda ta tashi. Ta ce, "Shekara nawa ina yawo da lema a garin nan, ban samo ko ɗaya daga cikin waɗancan ba. In ta tafi, su ma sun tafi." Ya kaɗa alƙalami a kan jaka. Can ya ce zai sake zagayowa bayan hutu. In ya tarar da ɗigon ja a hannuna, ko ya tarar waɗancan yara ba sa cikin rajista, da hannunsa zai rubuta takardar.

Sauran kwanakin na yi su ina kallon farcena kamar manomi da shuka. Ashe farce ba ya sauri don ana jiransa. A lokaci guda kuma, duk sanda jan ya ragu sai in ji ba na son ya ƙare, don shi ne abu na ƙarshe da Gwaggo ta taɓa a jikina. Ba wasiƙa, ba labari. In na dubi babban yatsana sai in ce, yanzu ta wuce Barno, yanzu wataƙila ta shiga ƙasar Larabawa. Tsohuwa mai daddawa ta lissafa mini da yatsunta wata rana, ta ce, "Malama, wata huɗu ke nan fa. Saura kwana goma ki fita takabar aji."

Ranar Litinin ɗin da ta zama ta ƙarshe, jan ya rage siriri kamar jinjirin wata a bakin manyan yatsu biyu. An ce mai duba makarantu yana garin da ke kusa da mu. Na miƙa hannu. Malama Babba ta sallami abokiyar aikina, ta rufe ƙofa, ta buɗe aljihun tebur ta ɗauko reza. Ta ce, "Zauna." Ta ɗora hannuna a kan gwiwarta, abin da ba ta taɓa yi ba, ta fara yanke jan bakin farcen a hankali. Hawaye suka zubo mini, na kasa tsayar da su. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Wadda ta yi miki ƙunshin nan ta iya. Ta tace ganyen sau biyu, kuma ba ta yi rowar sa ba." Na ce, "Malama Babba, ashe kin san lalle?" Ta ce, "Uwata ce ke yi wa amaren garinmu. Ni ke riƙe mata zunguru." Ta hure yatsan, ta kama ɗayan. "Rabona da shi tun ranar da na karɓi alli. Da ta rasu ma da farin hannu na je."

Ta tattara 'yan guntayen a cikin takarda ta naɗe, ta ba ni. Ta ce, "Ba a yar da farce. Je ki binne a gindin tsamiyarki. In kin gama ki shigo mini da yaran nan, ki rubuta sunayensu da kanki. Allinki yana kan tebur."

Mai duba makarantu ya zo bayan kwana biyu, ya dubi hannu, ya dubi rajista, ya sha ruwa ya tafi. Dokar ba a goge ta daga bayan ƙofa ba har na bar makarantar. Amma daga shekarar nan, in hutun Sallah ya zo, Malama Babba takan ce mana, "Wadda za ta yi ƙunshi ta kiyaye farce," kuma in ana suna a cikin gari takan tura ɗayanmu ta kai gaisuwa ta ci abin da aka ba ta. Ita dai ban taɓa ganin ja a hannunta ba.

Gwaggo ba ta dawo ba. Bayan shekara biyu wani alhaji ya kawo labari cewa ta iso, ta hau Arfa, ta rasu bayan an sauko daga Mina. Da Allah ya kawo ni garin nan na nemi kabarinta, aka ce mini a nan ba a rubuta suna. Na daina nema. Na san dai muna gari ɗaya.

Da Takwara ta dawo daga makaranta da la'asar, ta yar da jaka ta zube kusa da ni tana ƙorafin zafi, na ba ta wannan labari. Rabi da Hausa, inda ta ɓace in juya mata da Larabci. Sai ta tashi ta ɗauko ragowar lallenta na cikin leda mai tsinin baki, ta ce, "Kawo hannun, ya Sitti. Wane fure kike so?" Na ce ba na son fure. Ki yanke bakin ledar, ki dumbuza shi, tafi da yatsu. Ta ce, "Wannan ai na ƙauye ne." Na ce na ƙauyen nake so. Ta fara shafawa tana ƙunƙuni, da ta zo kan farce sai ta kauce masa yadda suke yi yanzu. Ta ce, "In ya hau nan fa sai ya yi wata da watanni."

Na ce, "Wata huɗu da kwana goma. Rufe shi duka, Takwara. Ba ni da aji gobe."